Asabar ɗin da kika ba Baba Imoru

Malama Doris,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki da jikoki, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Labarin ajiye aikinki ya iso ni Kaduna a makare. Na san ba kya karanta Hausa, amma da ita zan rubuta, don mutanenmu ma su ji. Fassara za ta biyo ta gidan waya.

Na san ki a tsakiyar shekarun sittin, ina jami'in yaɗa labarai a ofishin jakadancinmu na New York. Kamfaninki na ɗab'i ɗaki biyu ne a saman shagon wani mai gyaran takalma a Harlem. Waƙoƙi kike bugawa, da labaran marubutan da manyan kamfanoni suka ƙi. Ni da na fito daga gidan jarida ina taƙama da iya gyara, na kawo miki fassarar wasu tatsuniyoyi. Bayan kwana uku kika mayar mini, babu shafin da fensirinki bai taɓa ba. A gefen wani kin rubuta: “Nan ba tsohuwa ke magana ba, ofishin jakadanci ne.” Gaskiyarki ce.

Da aka shiga shekarun saba'in, aka naɗa ki shugabar hukumar da ke raba tallafin gwamnati ga ɗakunan karatu da masu aikin tarihi. Muka ce takardu za su shaƙe ki. Kika miƙa kamfanin ga mataimakiyarki, kika tafi.

A lokacin ne na haɗu da Baba Imoru, haifaffen zangon Kumasi. Ya yi rabin rayuwarsa a jiragen ruwa, ya ƙare yana sharar wani bene a Harlem. A kansa akwai doguwar waƙar Hausa da ya tsara da kansa, tun daga fataucin goro na mahaifinsa har tashoshin ruwan da ya sauka. Ko baiti ɗaya ba a rubuce yake ba, ga ciwon ƙirji yana cinsa. Na cike takardun neman tallafi a hukumarki don a ɗauki muryarsa kafin lokaci ya ƙure.

Saura mako guda kwamiti ya zauna, na je yi miki barka da sabon matsayi. A wurinmu ba a zuwa barka hannu sake, don haka na riƙo jakar fata ta Sakkwato. Ban same ki ba, na bar ta wurin sakatariya. Kwana biyu jakar ta dawo, da gajeriyar takarda. Kin ce jakar ta yi kyau, amma takarduna suna gabanku, dole ki sanar da kwamiti, kuma ki fita daga ɗakin idan an zo kansu.

Kika fita ɗin kuwa. Babu wanda ya rage a ciki da ya san darajar abin, aka ɗaga maganar zuwa baɗi. Ni kuma na san Baba ba lallai ya ga baɗi ba. Na yi fushi. Na gaya wa abokaina kujera ta canza ki. Na kasa gaya wa Baba cewa jakata ce ta jawo.

Wata Asabar da hantsi ina ɗakinsa, aka ƙwanƙwasa. Ke ce, kina haki, rungume da rikodarki mai nauyin nan da kike ɗaukar mawaƙa da ita a da. Hawa huɗu kika hau da ita. Kafin in buɗe baki kika ce: “Litinin zuwa Juma'a na jama'a ne. Asabar tawa ce.”

Haka kika yi ta zuwa har sanyi ya wuce rabi. Kina zaune kan kujerar ƙarfe, yatsa kan maɓalli, kina tsayar da faifai duk sanda tari ya taso masa. Madam Gwamnati yake kiranki. Yakan ce mini: “Dubi yadda take gyaɗa kai, sai ka ce a Zango aka yaye ta.”

Ranar da ba zan manta ba, yana cikin waƙar wata tasha, kika ɗaga hannu, kika ce in tambaye shi ko ya tsallake wani abu, don numfashinsa ya sauka ba a inda ya saba ba. Ni mai harshen ban ji komai ba. Baba ya dube ki, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Baiti biyu ya ɓoye, na wata mata da ya so a can, yana jin kunyarki. Ya maido su. Har yau idan na tuna, tsigar jikina takan tashi.

Ya rasu kafin ganye ya tofo, mako biyu bayan mun kai ƙarshen waƙar. Da baɗi ta zo kwamiti ya amince a rubuta ta, ke kuma kin fita daga ɗakin kina tsaye a baranda kamar wancan karo.

Abu biyu na riƙe miki. Na farko, ban taɓa ba ki haƙuri kan abin da na faɗa a bayan idonki ba. Ki yafe mini. Na biyu, a faifan ƙarshe Baba ya ƙara baiti ɗaya da ba ya cikin waƙar tun asali. Kin ji shi, kin tambaye ni, na ce addu'a ce. Shi ya hana ni fassarawa. Ya ce: “Bari sai ta sauka daga kujerar, kada wannan ma ta mayar.” Ashe labarin jakar ya kai kunnensa. Baitin yana cewa ya sauka a tashoshi da yawa, ko'ina kayansa aka bincika, sai a ta ƙarshe ya sami wadda ta tambaye shi abin da ya bari a baya. Da sunanki ya rufe.

Allah ya jiƙan Baba Imoru. Ke kuma Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi a cikin jikokinki.

Ɗalibinki har gobe,
Haruna