Ruwan da Ake Ganin Ƙasansa

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna? Ina fatan gero ya yi kyau a Zango bana.

Mu nan Turkiyya lafiya lau, kada ki tayar da hankalinki. Ranar Asabar Baban Ummu ya samu hutun makaranta, ya kai mu wani kwari, muka taka har inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ya taru a ƙasa garau, kina hango tsakuwar ciki. Kin san tafkinmu na gida, in dai ana ganin ƙasa, to bai wuce gwiwa ba. Ashe wannan ya fi tsayin mutum. Ummu na sa ƙafa ta nutse. Babanta ya tsamo ta, ta amayar da ruwa, likita ya ce ba komai.

Sai dai yau kwana shida, da ta ga bokitin wanka sai ta ƙanƙame ƙofa. Don Allah ki sa a yi mata addu'a, amma kada Inna ta ji.

Babanta yana ta cewa ƙaddara ce. Yaya, bai san ni na ce mata ta shiga ba.

Ƙanwarki,
Raihana