Ranar da Kika Hau Sikeli, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ladabi da kika koya mini, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, jiya na jingina jikarki Asma'u da bango ina auna tsawonta, sai maƙwabciyata ta kama salati, wai ina jawo wa yarinya mutuwa. Na ce ta yi ta yi har ta gaji.

Kin tuna shekarar, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina aji biyu a sakandaren 'yan mata, ma'aikatan lafiya suka zo daga Gusau auna tsawonmu da nauyinmu da kaurin damtse. Rabin ajin muka ruga bayan ɗakin girki, ni ce a gaba. Mu a 'Yankuzo gawa muka san ana aunawa, da kara, don a haƙa mata kabari daidai.

Lokacin sa'annina duk sun cika riga, ni kuwa sai ƙashin wuya da ido fari fat. Jinin da nake gani wajen fitsari, matan gida suka ce girma ne ya zo, har da tsokanata.

Ke ce ba ki yarda ba. Da na zo hutu ina alfahari da gudun da muka yi, Kaka, surukarki, ta sa mini albarka, ta ce, "Ba a awon mai rai." Washegari kika ce za mu kasuwa, muka hau kabu-kabu, sai asibitin Tsafe.

Na ƙi hawa sikelin, ina kuka wiwi. Sai kika tuɓe takalmi kika hau. Kika kuma tsaya jikin katakon awo, nas ɗin, Sista Rifkatu, ta sauke miki ma'aunin a ka. Kika dube ni kika ce, "In awo na kisa, ni shi fara ɗauka."

Aka auna ni. Sista ta ce jikina ya yi wa shekaruna baya sosai, ta sa aka duba fitsarina. Ashe ba girma ba ne, tsargiya ce na kwaso a tafki take ta cin jinina. Da muka dawo da magani, Kaka ta daina amsa gaisuwarki har aka yi girbi. Kullum sai kin durƙusa kin gaishe ta, kullum kuma sai kin tsare ni na ci kwaɗon zogale.

Yau babu macen da ta kai ni tsawo a gidanmu. Ke ma kin ga jikoki bayan sikelin nan. Ranar da aka shigo da karan na gaske, na yi kuka, amma ban ji tsoronsa ba. Na riga shi sanin tsawonki, Innata, a kafaɗata kike tsayawa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki kabari iya ganinki, Ya cika miki mizani da alheri. Asma'u kuwa ta kusa kamo ki, kuma gobe ma zan auna ta.

Taki har abada,
Ɗiyarki Saratu