Furen da Ya Kwana a Firji

Litinin, 3 ga Yuni
Likita ya sa ranar cire wa Maman yara yanar ido: Laraba ta sama, idon dama. Ya hana ta sunkuyo da taɓa ƙasa. Wato tukwanen fulawarta goma sha ɗaya da ke baranda sun dawo wuyana, ni da na shekara talatin ina ce mata ciyawa take kiwo. Tela ne ni, me ya haɗa ni da taki?

Laraba, 5 ga Yuni
Ta zauna a kujera tana ba da umarni kamar shugabar ma'aikata. "Malam, sa yatsa a ƙasar tukuna. In da danshi, bar shi." Sauran goman duk rakiya ne, hankalinta na kan wata fulawa mai suna hibiskus da ke shuɗiyar tukunya. Reshe ne ta yanko a gidan yayarta, makon da muka je ta'aziyyarta. Shekara biyu ganye kawai yake yi. Bana ya fitar da ƙunshin fure huɗu, kowanne kamar kan ɗan yatsa, ga shi ita kuma ba ta ganin komai sai hazo. Ta ce furensa yini ɗaya yake yi ya mutu. Na ce to wannan ai wahalar banza ce.

Asabar, 8 ga Yuni
Na yi ɓarna. Ranar Alhamis na ɗauko tukunyar na kawo bakin tagar ɗakinta, wai don ta riƙa shafa ganyen ba sai ta fita ba. Yau na tarar da ƙunshi uku a ƙasa. Na tsince su na zuba a aljihu kamar ɓarawo, na mayar da tukunyar mazauninta. Da ta tambaya na ce, "Lafiya lau suke."

Lahadi, 9 ga Yuni
Ta lallaɓa ta fita baranda ta ƙirga da hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ba ya son a canza masa wuri. Halinku ɗaya." Daga baya na ji tana ce wa 'yarmu a waya in aikin bai yi kyau ba, shi ke nan, ba za ta sake ganin kalar furen Yaya ba. Ashe tsoro take ji. Ni ma ina ji, ban dai faɗa ba.

Talata, 11 ga Yuni
Ƙananan ƙwari a bayan ganye. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu. Ƙunshin da ya rage ya kumbura. Na ce masa, "Don Allah ka jira Alhamis." Ba wanda ya ji ni.

Laraba, 12 ga Yuni
Bai jira ba, ɗan banza! Muna shirin fita asibiti ya buɗe, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Ta kai shi dab da fuska, ta ce, "Wace kala ce?" Na ce ruwan goro ne a baki, cikinsa ja wur, irin zaren da na yi mata aikin wuyan rigar sunan 'yarmu. Ta ce, "Shi ne." Sai ta ɗauki jakarta.

An yi aikin, an rufe idon, sai gobe za a kwance. Zuwa goben kuwa furen ya zama tsumma. Da rana na bar 'yarmu a wurinta, na nufi wajen mai sayar da fulawa na bakin titi. Da na gaya masa damuwata ya yi min dariya, ya ce, "Baba, tsinke shi yanzu, ka rufe a roba ka sa a firji. Wataƙila ya kai safe." Na koma gida na tsinke shi, na sa a firji. Shekara arba'in ina yanka yadin mutane, ban taɓa lallaɓa wani yanka kamar wannan ba.

Alhamis, 13 ga Yuni
Ya kai. Gefe ɗaya ya ɗan yamutse. Na tafi da shi a robar abinci, nas tana tsammanin karin kumallo na kawo. Da aka cire bandejin Maman yara ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Na buɗe robar. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaya," a hankali. Sannan ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ashe haka ka tsufa?"

Na ce shi ma furen jiya ya fi haka kyau. Na fita neman ruwan sha, alhali ga gora a hannuna.

Lahadi, 30 ga Yuni
Likita ya ce za ta iya komawa ga tukwanenta. Na ce kada a yi gaggawa, ido ba abin wasa ba ne. Ta dube ni da sabon idon nan nata mai ganin komai, ta tambaya ko na waye ƙaramin reshen da ke cikin gwangwanin fenti a bayan keken ɗinkina. Na ce karyewa ya yi, ban so a zubar ba ne kawai.

Ya fitar da ganye biyu. Na gaya mata kada ta kuskura ta matsar da shi.