Takardar Haihuwar Mas'uda

Litinin, 12 ga Janairu

Taron daraktoci a ofishin Sufeton makarantu. An sake karanta sakamakon bara. Lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, ita ce ta ɗaya a duk yankin, ɗari bisa ɗari a jarrabawar satifika, shekara biyu a jere. Daraktan lakwal ɗin Icirnawa ya kira ni yadda ake kiran malamai maza, ya ce, "Mushe Illa, wai wane malamin ke ba ka rubutun sha?" Aka yi ta dariya. Na ce aiki ne kawai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sufeto ya ce a kai sunayen masu zana jarrabawa da takardunsu kafin 6 ga Fabrairu.

Laraba, 14 ga Janairu

Na zauna da Madam Mansura, malamar aji shida. Bana aka kawo mana ita daga Kance, ba ta san yadda nake aiki ba. Yara arba'in da shida ne a ajinta. Na ja layi ƙarƙashin suna bakwai, na ce waɗannan ba za a tura su ba. Ta ce don me? Na ce don ba za su ci ba. Ta ce, "Darakta, wa ya sani?" Ni na sani mana! Shekara ashirin da ɗaya ina cin alli.

Abin ba shi da wuya. Idan iyaye sun tambaya sai in ce ba a ga takardar haihuwar yaron ba. Sai su ce Allah Ya kai mu baɗi, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa bin maganar.

Ta ɗora yatsa kan suna ɗaya. Mas'uda. Shekararta sha huɗu, ta riga ta maimaita ajin, ba ta da baɗi. In ba ta zana bana ba, haka za ta fita hannu wofi, ba satifika ba kwaleji. Na ce na sani. Dikte ɗinta, wato shiftar Faransanci, kuskure talatin ne, me zan yi da ita?

Alhamis, 22 ga Janairu

Mai hoto ya zo ɗaukar masu zana jarrabawa. Ya kafa farin ƙyalle jikin bangon da iyaye suka rubuta mana 100% da koren fenti. Aka kira talatin da tara. Mas'uda ta zo da hijabi mai guga, ta tsaya a layi har aka naɗe ƙyallen.

Lokacin tashi uwarta ta same ni. Baiwa, mai tuyar awara a bakin ƙofa, tana cikin ƙungiyar iyaye mata masu share mana fili ranar Asabar. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mushe, wai ba a kira ta ba." Na faɗi abin da na saba faɗa. Ta ce a Dawce aka haifi yarinyar, ko a can ake samun wata takardar? Na ce e, a can ne, amma lokaci ya ƙure. Ta ce to.

Takardar tana cikin kabad ɗina, a jakar aji shida. Da idona na gan ta jiya.

Talata, 27 ga Janairu

Ba awara yau ma. Yara sun ce Baiwa ta tafi Dawce, zuwa na biyu ke nan. Na farko ta isa an tashi aiki. Ikon Allah! Matar nan da gaske take.

Litinin, 2 ga Fabrairu

Ta kawo. Zuwa uku ta yi. Ta warware bakin zanenta ta fito da takarda cikin leda, hatimi da sa hannu, komai daidai. Ƙafafunta duk sun yi fari. A gaban Madam Mansura da shugaban kwamitin iyaye ta miƙo mini da hannu biyu. Shugaban har yana cewa ka ga uwa ta gari. Na karɓa, me zan ce?

Da suka fita na ce da Mansura to, a ƙara Mas'uda, mu zama arba'in. Ta ce, "Sauran shidan fa? Gobe iyayensu za su kama hanya su ma. Ko so kake a tafi ƙauye shida neman abin da ke cikin kabad?" Ashe ta buɗe jakar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta fita mini daga ofis.

Talata, 3 ga Fabrairu

An sake kiran mai hoto. Arba'in da shida na kai. Ba don maganar Mansura ba, surutun gari nake gudu.

Ɗari bisa ɗari na shekara ta uku ya tafi, na sani.

Asabar, 7 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara. Mansura ta ɗauki bakwai ɗin nan tana yi musu ƙarin darasi Asabar da safe a ƙarƙashin itacen bedi. Ba ta nemi izinina ba. Iyaye mata sun kawo tabarmi. Na wuce sau biyu kamar ina duba famfo. Munkaila, ɗaya daga cikinsu, har yanzu bakwai sau takwas sai ya ƙirga da yatsun ƙafa. Wayyo sunana.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Na karɓi koya wa bakwai ɗin lissafi, tunda Madam ta fi ƙarfi a Faransanci. Ba wani abu ba ne, ba na son a je a kunyata ni da yawa. Mas'uda tana da kai a lissafi, abin mamaki. Ita ke ba uwarta canji tun tana ƙarama. Matsalarta karanta tambayar ce. In na karanta mata da baki, kafin in rufe baki ta ba da amsa. Shekara bakwai tana lakwal ɗin nan ban san haka ba.

Alhamis, 14 ga Mayu

Jarrabawar gwaji. Biyu cikin bakwai sun haye da ƙyar. Mas'uda ba ta ciki. Kuskure sha tara a dikte.

Talata, 23 ga Yuni

Ranar jarrabawa. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Iyaye mata sun dafa shinkafa da wake babbar tukunya biyu, mahauta sun ba da nama, mai shagon kusa da tasha ya aiko da biro kwali guda. Liman ya yi wa yara addu'a a bakin ƙofa. Na ƙirga su da kaina, arba'in da shida, ba wanda ya makara. Baiwa ce ke zuba abinci. Ta cika mini kwano, na ce na ƙoshi.

Juma'a, 3 ga Yuli

Sakamako ya fito. Arba'in da biyu. Kashi casa'in da ɗaya, mu ne na huɗu. Icirnawa ta ɗaya. Daraktansu ya kira ni a waya wai rubutun ya daina ci ne? Na yi masa barka, na kashe.

Cikin bakwai ɗin uku sun ci. Munkaila, wallahi Munkaila! Da Halima. Da Mas'uda. Da aka kira sunanta ba ta motsa ba, sai da ƙawarta ta dungure ta. Guɗar Baiwa na tabbata an ji ta har kasuwa. Huɗun da suka faɗi na kira su ɗaya bayan ɗaya, na ce su dawo watan Oktoba, kujerunsu na nan.

Shugaban kwamiti ya tambaye ni yadda za a yi da rubutun bango. Na ce a shafe, ko a bari, duk ɗaya.

Uku cikin bakwai. Bara tara na cire. Bara waccan sha ɗaya. Ban so wannan lissafin ba, shi ya zo da kansa.

Litinin, 6 ga Yuli

Baiwa ta zo da awara cikin kwano mai murfi, wai godiya. Na buɗe kabad na ɗauko tsohuwar takardar, ta asali. Na shirya maganar tun daga gida. Na ce, "Maman Mas'uda, kin ga an gan ta, ashe ta shige cikin wasu takardu ne."

Ta karɓa, ta ninke, ba ta ko duba ba. Ta ce, "Ai na sani, Mushe. Ni na kawo maka ita da hannuna shekarar da ta shiga aji ɗaya, a gabana ka sa ta cikin jaka."

Na ce to me ya kai ki Dawce har sau uku?

Ta ce, "Haba Mushe. Ni in tsaya gaban jama'a in ƙaryata malamin ɗiyata? Zuwa Dawce ya fi mini sauƙi."

Ta ɗauki murfin kwanonta ta tafi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aikin nan.

Bayan la'asar na sauko da jakunkunan bara da bara waccan. Takardu ashirin, duk suna nan. Gobe ina da zuwa ofishin Sufeto kan maganar tebura. Wataƙila in tambaya ko wanda ya bar lakwal yana iya zana jarrabawa daga waje. Tambaya ce kawai.