Tsattsewa Mai Ruwan Ɗorawa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da maigidanki da yara. Yaya aikin shagon magani? Na ji kina ƙorafin ba na ɗaga waya. Wallahi ba wulaƙanci ba ne, ina tashi daga ofis gareji nake wucewa, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto, kya karanta wa Baba ma.

Albishirinki, motar Baba ta kusa tashi. Tun da na ɗauko ta daga gida ban huta ba. Na shiga ƙungiyar masu irin wannan mota, kuma mu ba ma kiran ta da sunan kamfani, Tsattsewa muke ce mata saboda ɗan tsuntsun nan da ke kan bonet. Za a yi gasar nuna motoci, wadda ta fi kama da yadda ta fito daga kamfani ita ce ke cinyewa. To, Yaya, sai kin ga ɓarnar da wani ya yi wa motar nan kafin ta zo hannun Baba. Fentin nan mai ruwan ɗorawa ashe da buroshi aka shafa shi kamar bangon kicin. Na kankare shi tas, na mayar da ita ruwan toka na asali. Akwai wani guntun katako da aka ɗaure a kan kuloci, abin da ake takawa a canza giya, na cire na yar. Kujerar direba kuma an tura ta gaba an yi mata walda, da ƙyar na yanke.

Ga roƙona. Ƙungiya na tattara labarin yadda kowa ya fara son Tsattsewa. Ni nawa mai sauƙi ne, a wajen Baba na gada. Don Allah ki tambayar min shi yadda shi ya fara.

Ki gaishe min da kowa.
Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka, suna tambaya ko har yanzu suna da kawu ko mota ta haɗiye shi.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta wa Baba gaisuwar, na tsallake maganar fenti da katako, kuma kada ka tambaye ni dalili yanzu, don in na fara rubutawa takardar nan ba za ta ishe ni ba.

Ga abin da ya sa nake ta kiranka. Idon Baba ya ƙara lalacewa. Na mayar da shi wajen likitan ido, ya ce abin da ya tafi ya tafi, ɗan abin da ya rage ma tafiya yake yi, kuma ba zai iya cewa ga lokacin da zai ɗauke gaba ɗaya ba. Muka dawo gida. Da na zaunar da shi a baranda sai ya juya fuskarsa wajen da motar take zama, ya ce, “Yaron nan ya ce aron ta ya yi ko?” Ka san Baba ba ya roƙo. Wannan shi ne iyakar roƙon da zai yi.

Ka kawo masa motarsa ya gan ta tun yana iya gani. Ko ba ta tashi, a ɗoro ta a bayan babbar mota.

Allah Ya sa ka ji.
Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, Allah Ya ƙara masa sauƙi. Labarin idonsa ya tayar min da hankali ƙwarai, na kasa taɓuka komai a ofis.

Amma ki fahimce ni. Ba zan so abin da Baba zai gani ya zama mota babu mariƙin ƙofa, waya a waje kamar hanjin kaza ba. Mariƙin asali nake jira, an samo min a wajen wani ɗan ƙungiya, yana hanya. Da ya iso zan ɗaura, in kai ta gasa, daga can in wuce gida da ita, watakila har da kofi a kujerar gefe. Wannan ai ya fi.

Da kin ji labaran da mutanen nan ke bayarwa da kin daina yi min kallon mahaukaci. Shugabanmu likitan haƙori ne, shi a kalanda ya fara ganin Tsattsewa a shagon wanzami, ya ƙi yarda a juya masa kai har aka yanke shi a kunne. Akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa, shi bai ma gan ta ba, ƙarar injinta ya ji tana wucewa ta ƙarƙashin gada, ya yi ta tambayar mutane har ya gano mai wannan murya. Wata malamar lissafi kuma a cikinta aka garzaya da ita asibiti za ta haihu, ta ce naƙuda na cin ta amma tana ƙirga canjin giya. Ni kuwa kin sani, tun ina yaro ɗaga tampol ɗin da Baba ya rufe ta da shi nake yi in shige ciki in kama sitiyari, ƙamshin tsohuwar fatar kujerar nan har yau yana hancina.

Saura labarin Baba. Kuma me ya sa kika tsallake maganar fenti? Ai shi ne aikin da na fi alfahari da shi.

Na bar ki lafiya.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka sani. Tunda ka nace, na karanta wa Baba wasiƙarka ta farko daga sama har ƙasa. Da na gama ya ce in ɗauko biro. Abin da ke biye bakinsa ne, ban ƙara ko ɗigo ba.

“Auta, Allah Ya yi maka albarka. Ka ce in gaya maka yadda na fara son motar nan. Ni ma'aikacin gidan waya ne, ban san komai a kan mota ba, har gobe ban sani ba. Wata rana na tashi daga aiki ana ruwa, ina tsaye ina jiran bas, sai ga wata 'yar mota mai ruwan ɗorawa ta wuce ta watsa min ruwan kwata har ƙirji. Ta yi gaba, ta tsaya, ta dawo da baya. Na shirya masifa, sai na ga mace ce a ciki, kanta da ƙyar ya wuce sitiyari. Ta ba ni haƙuri, ta ce, ‘Malam, in ba ka tsoron gudu, shigo in kai ka gida.’ Ina tsoron gudu, amma na shiga. Uwarka ke nan.

“Ka san tela ce. Wani mutum ne ya kawo mata rufin yadin motar ya yage, ta ɗinke, ta ce ba ta son ladan komai sai ya koya mata tuƙi a cikinta. Daga ranar ba ta sake kallon wata mota ba. Da mutumin zai bar gari, motar ta zama tata. Ita ta shafa fentin da hannunta, ta ce ruwan toka launin ofis ne. Katakon da ka yar, ƙafarta ce ba ta kaiwa kuloci. Kujerar ma don ita aka tura gaba.

“Ban taɓa tuƙa motar nan ba ko sau ɗaya. Kujerata ta gefe ce. Da ta rasu kana goye, na rufe ta da tampol, ina wanke ta, ba na iya maganarta. Ka rubuta wa mutanenka cewa a wajen uwarka ka gada.”

Nan ya tsaya. Yanzu ni ce. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga kicin. Ni na tuna ta a cikin motar nan, tana ajiye ni a makaranta duk yara sun fito kallo, kuma raina ya ɓaci sosai da na ji ka kira aikin hannunta ɓarna. Na san ba ka sani ba, amma ran ya riga ya ɓaci.

Ga kuma abin da likita ya ce, na gwada na gani da idona. Baba yanzu launi mai haske kawai yake rabewa. Motar maƙwabcinmu ruwan toka ce, kullum tana ƙofar gida, shekaranjiya ya buge ta da gwiwa bai san tana wajen ba. Amma bokitin wanki mai ruwan ɗorawa yana hango shi tun daga baranda. In ka kawo masa motarka ta gasa, zai ji ƙara ne kawai.

Sauran ya rage naka.
Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ki riƙe min hannun Baba ki ce na gaishe shi, ban san me zan ce masa ba tukuna.

Na karanta a gareji, na zauna a kan tsohuwar taya na kasa tashi. Ni da hannuna na goge sawun buroshinta, ina yi ina zagin wanda ya shafa. Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min? Na ji haushinku, ke da Baba, daga baya na ga ni ma ban taɓa tambaya ba sai da ƙungiya ta ce in tambaya.

Na duba cikin ƙofa ta wajen da hannu ba ya kaiwa, na sami inda tsohon fentin ya tsira, bai fi faɗin tafin hannu ba. Na kai wa mai fenti ya haɗa min irinsa. Ya ɗauko injin feshi, na ce a'a, buroshi zai ba ni. Kallon da ya yi min sai da na ji kunya, ya ce shi dai kada in gaya wa kowa a shagonsa aka yi. Shugabanmu ya zo ya tarar da ni na gama bonet, ya riƙe baki, ya ce da wannan launi ba zan shiga gasa ba, doka ce. Na ba shi labarin. Sai ya cire agogonsa ya nemi wani buroshin.

Mariƙin ƙofa bai iso ba, na ɗaure da waya. Katakon ya tafi da shara, kafinta zai yanko wani. Ki auna min daga ƙugunki zuwa diddige ki aiko, Baba ya sha cewa tsawonku ɗaya da Mama, kuma ke za ki tuƙa shi. Da fenti ya bushe muna hanya.

Ƙanenki, Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya bayan na bar muku motar, bas ta ɓata lokaci amma ba komai. Na gode da ɗawainiya, ki gode wa maigidanki da ya share mana wajen ajiye motar.

Wani abu na damuna tun a hanya. Da na shigo layinmu, Baba ya miƙe ya ce, “Ga ta nan.” Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Amma Yaya, injin yana kunne, kuma ƙarar Tsattsewa ko a cikin barci zai gane ta. Da ya zo shafa ta, na lura sai da ya laluba kafin hannunsa ya sami bonet. Da kika zagaya da shi ya dawo yana dariya, yana cewa kin fi uwarki tsoro, amma wannan ma ba ya buƙatar ido. Kin san halinsa, zai iya cewa ya gani don kada in tafi da nauyi a zuciya.

Ki gaya min gaskiya ko da ɗaci. Ya gan ta, ko na makara?

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban amsa maka da wuri ba don ni ma ban sani ba, kuma ban so in yi maka ƙarya ba.

Jiya masu gyaran famfo suka zo haƙa a ƙofar gida, dole a matsar da motar. Baba na barcin rana, ban so ƙarar injin ta tashe shi ba, sai muka tura ta da hannu zuwa bayan gida ba a kunna ba. Ba wanda ya gaya masa. Da ya farka ya fito da sandarsa, ya zauna a kujerarsa ta baranda, ya ɗaga kai. Ina kicin na jiyo muryarsa har kan titi: “Wa ya ɗauke min mota?”

Faɗa ya yi min sosai, a gaban masu famfo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba.

Birki na ƙara, ka zo ka duba. Baba na sa maka albarka.

Yayarka