Da Azahar Yayanki Ya Zo

Ya farin watan da ya hana ni kallon taurari, inuwata a tsakar rani, ruwan randa ga maƙogwaron matafiyi!

Hasken idona, yau wata tambaya ke cina kamar ƙaiƙayi. Ƙanwarki ta tsegunta min cewa Yayanki, wanda Babanku ya aiko ya dubo sana'ata, ya koma gida ya taƙaita ni da kalmar Turanci guda: wai ni "silak" ne. Bokona bai kai nan ba, sai na bi rumfa-rumfa ina cigiya. Tela ya ce ai wando ne mai yalwa. Bakanike ya rantse sarƙar babur ce in ta yi sako-sako. Mai kanti ya ce lokacin da ciniki ya yi sanyi ne. Malamin makarantar da ke sayayya wurina kuwa ya kawar da kai, ya ce a hankali, wai rago. Kalma ɗaya da baki huɗu kamar dillali! Wanne Yaya yake nufi, zinariyata, wandon ko ragon?

Ba na musu, a kwance ya same ni kan benci, hula a fuska. Amma fa da azahar ya zo! Wa ke neman ɗan sarin ƙwai da azahar? Da asuba motar gona take saukewa. Kafin hantsi na gama da masu shayi da gidajen burodi, kafaɗata kamar an daka. Wanda ya je rafi bayan an naɗe koma, ya ce masunta malalata ne?

Kin tuna safiyar da ruwa ya tsare ki a rumfata, kika riƙe min bakin igiya ina ɗaure kiret-kiret na ƙwai a babur? Kika ja da ƙarfi har na sama suka fashe, kika rufe baki da mayafi kina dariya. Wayyo! Tun ranar zuciyata take ɗaure tamau, ko numfashi sai da izininki.

Jibi Baba zai ba iyayena amsa, kuma da kunnen Yaya yake ji. Don girman Allah, furena, ki lallashe shi ya dawo gobe bayan sallar asuba, cikin tsohuwar riga, ya kama min sauke mota. In hantsi ya yi bai nemi wurin miƙe baya ba, na yarda da kowace fassara.

Naki, ko an ba ni ko an ce na dakata, har ƙasa ta rufe idona,

Mai Ƙwai