Shuɗi Har Haɓa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela ne ke rubuta mini, tunda kin san waya ba ta shiga kunnena.

Wata mata ce ta zo unguwarmu, wai mai zane. Ta zo da bokitan fenti, an ba ta doguwar katangar nan ta bayan makaranta. Kowa sai ya je ya jingina bayansa da bango, ta zagaye shi da gawayi, siffarsa ta fito. Sannan ta miƙa maka buroshi, kai da hannunka ka shafa shuɗi tun daga ƙafa har inda ambaliyar bara ta kai maka. Wai don unguwa ta ga kanta.

Ni dai tsoron abin nake ji. Alƙalami ma ban taɓa riƙewa ba, balle buroshi. Kuma an ce za a ɗauki hoto a sa a waya, duniya ta gani. Me ma zan shafa? Ai na gaya miki tun bara, idon sawu kawai ruwan ya taɓa mini. Ga Tela nan ya ajiye biro yana kallona. Rubuta abin da na ce, Tela, ba shawara na zo nema ba.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, yara ma suna gaida kakarsu. Ki je mana, ai ba jarrabawa ba ce. Ki shafa idon sawun ki dawo gida.

Amma ina tuna miki alkawarinmu: ranar da ruwa ya wuce miki gwiwa, kin bar gidan nan, kin dawo wurina. Ɗakinki yana nan a saman bene, har labule na sa.

Ki huta lafiya.
Autarki

Auta,

Bayan gaisuwa. Yau mai shagon magani ce ke rubutu. Tela ya ce hannunsa na ciwo. Ƙarya yake, na ji ƙarar keken ɗinkinsa.

Na je. Na shafa iya idon sawu, na ce na gama. Abin da ban hango ba, ashe siffofin a jere ake yin su, kafaɗa da kafaɗa, yadda gidajenmu suke. Makanike yana damana, kin san shi dogo kamar falwaya, shuɗinsa har ƙirji. Mai wanki tana haguna, har kafaɗa. Ni 'yar gajeriya a tsakiya, a bushe ƙarau. Da aka ja baya aka duba, layin ruwan ya taho a miƙe, ya zo kaina ya faɗi ƙasa, ya wuce ni ya sake tashi.

Makanike ya ce, "Iya, ashe ruwa ma ya san manya! Da ya zo wurinki durƙusawa ya yi ya gaishe ki."

Kowa ya yi dariya, ban da matar Tela. Ta matso da 'yarta a kwankwaso, ta ce wa mai zane ita ma yarinyar tana cikin ruwan nan, a zana ta. Mai zane ta ce, "A ina take ranar?" Sai matar Tela ta nuna saman kaina.

Auta, in a tsaye kike ki zauna. Ranar ambaliyar, da hantsi, uwar ta fita kasuwa ta bar mini jaririyar. Ruwa ya ɓalle ƙofa. Na sa ta a bahon wanki, na ɗora a ka, na bi jikin katanga har tudun makaranta. Ruwan a haɓata yake. Ina ɗaga baki ina neman iska, ita kuwa ko farkawa ba ta yi ba. Ni na roƙi unguwa kada kowa ya gaya miki.

To, na karɓi buroshin. Fenti na bin zanina, na shafa har haɓa. Ni da kaina, ba wanda ya kama mini. Mai zane ta zana baho a saman kan siffata, uwar ta tsoma tafin yarinyar a fenti ta manna a ciki. Layin ya miƙe. Jiya wani direba ya tsayar da mota yana tambayar wace ce wannan. Makanike ya ce, "Uwarmu ce."

Na san hoton zai riga takardata isowa. Na san ruwa ya wuce gwiwa. Amma ki yi wa Allah kada ki ɗauke ni. Tsoron benenku nake ji fiye da ruwan. A can wa zai leƙo ya ce Iya kin tashi? Wa zai bar mini jariri?

Tun jiya ban iya cin abinci ba. Ki ba ni amsa da wuri.
Innarki

Inna,

Ina gaisuwa. Hoton ya riga takardar. Na yi kuka, na yi fushi, sannan na bi kowa a wurin aikinmu ina cewa ga uwata.

Ranar Asabar ina tafe. Da magini zan zo, ya ɗaga miki ɗakin da dokin ƙofa, ba da motar kwasar kaya ba. Ki ci abinci.

Faɗan ƙaryar nan kuwa yana nan, sai na iso.
Autarki